Jama'a sun daina rera waƙa tun da kayan sauti suka shigo, daga ina za mu fara gyara?

Mai Kula da Kwaya:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Shawara nake nema a madadin kwamitin waƙa na ikilisiyarmu. Majami'ar tana ɗaukar mutum wajen 150 ranar Lahadi. Tsawonta mita 20, faɗinta mita 10, rufin kwano ne ba silin, bango da daɓe duk siminti. Sujadar Hausa muke yi da Littafin Waƙoƙi, ga kwaya, ga Zumuntar Mata, ga matasa masu jagorar yabo. Kayan da ke akwai su ne kibod ɗaya, saitin ganga, lasifika biyu masu inci 15, amfilifaya, miksa mai layi 8, makirufo huɗu da ƙaramin janareta.

Abin da ke damunmu shi ne jama'a ba sa rera waƙa. Suna tsaye, wasu na tafi, amma bakuna a rufe. Tsofaffi kuwa zama suke yi su jira a gama. Abin da ya fi tsaya mana a rai, idan wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa, kafin a tayar da janareta sai ka ji muryoyi sun cika ɗakin har kwano na amsawa. Ana mayar da kayan, sai kowa ya yi shiru. Wasu sun ce a sayar da kayan a huta, matasa sun ce ƙara lasifika za a yi. Don Allah masu sanin abin, me ke jawo wannan, kuma wane mataki ya kamata ya zo farko?

Malamin Waƙa:

Salama ɗan'uwa. Kada ku sayar, kada kuma ku ƙara komai tukuna. Abin da ke faruwa idan wuta ta ɗauke ya riga ya nuna muku cewa muryoyin suna nan, wani abu ne ke danne su. Ni inda zan fara dubawa shi ne ki ɗin da ake ɗaukar waƙa a kai, wato matakin sama ko ƙasa da ake ajiye sautinta, domin gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Idan babu kibod, jama'a da kansu suke sauke waƙa zuwa inda maƙogwaronsu zai kai, ba tare da sun ma sani ba. Kibod kuwa ba ya sauka. Inda aka ajiye shi nan zai tsaya, kuma yawanci mai jagora ne ke zaɓar wurin. Saurayi mai siririyar murya zai ɗauki waƙa inda tasa muryar ta fi fita, wurin kuwa ya yi wa mata sama ƙwarai, maza masu kauri kuma in sun sauka ƙasa sai su nutse. Mutum zai gwada layi biyu, ya ji wuyansa na ɗaurewa, sai ya koma tafi.

Ga ma'aunin. Taron jama'a, maza da mata da yara, sun fi sakewa tsakanin C na tsakiyar kibod da C na samansa, wato fararen maɓallai takwas. Maza suna rera wannan a ƙasa da fararen maɓallai takwas. Za a iya taɓa D na sama a wuce, amma kada a zaunar da mutane a kai. Ta ƙasa kuwa, A ko B♭ ne iyaka. Sujadar ƙarfe bakwai na safe, musamman da hunturu, a rage ma kaɗan, domin murya ba ta gama buɗewa ba.

Ku zauna da mai kibod wata ranar koyon waƙa, ku jera waƙoƙi 20 da kuka fi rerawa. Kowace ɗaya ku nemo sautinta mafi tsawo da mafi ƙasa. Misali, waƙar da ake yi a G, wadda ke tashi daga so na ƙasa ta hau har la (sunayen sautuka a jerin do, re, mi): a G wannan la ɗin E ne na sama, ya wuce iyaka. Ku sauke ta zuwa F, la ya zama D, so na ƙasa ya zama C, kowa ya samu shiga. In da sassafe ne, E♭ ya fi. Ku rubuta ki ɗin da fensir kusa da lambar waƙar a littafin mai kibod da na mai jagora. Idan mai kibod ɗinku a ki ɗaya kawai hannunsa ya saba, yana dogara da maɓallin sauya ki, to ku rubuta masa lambar ma, kamar -2 ko -4, domin kowace lamba rabin taki ce, wato daga maɓalli zuwa na kusa da shi, fari ko baƙi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a manta a mayar da shi sifili, sai waƙa ta gaba ta fita a wurin da ba kowa ya zata ba.

Sai al'adar ɗaga waƙa rabin taki duk lokacin da aka maimaita korus. Sau ɗaya yana da daɗi idan an faro daga ƙasa. Sau uku kuwa, kun kai mutane taki ɗaya da rabi sama da inda suka fara, kuma mata ne ke fara zubewa.

Na biyu, sauri. Waƙar littafi mai baiti huɗu ko biyar tana buƙatar wurin numfashi a ƙarshen kowane layi. Bugu 80 zuwa 100 a minti ya ishi yawancinsu. Mai jagora ya riƙa shaƙar iska a fili inda yake so jama'a su shaƙa, su gan shi. Mai kibod ya buga layin ƙarshe na baiti a matsayin shimfiɗa, ya ɗan dakata bugu ɗaya, sannan a shiga. Shimfiɗa mai tsawo da ba a san ƙarshenta ba ita ke sa rabin majami'a su rasa kalmomin farko.

Na uku ya shafi mai jagora kansa. Ya rera karin waƙar yadda yake, ba lanƙwasa, ba ado, aƙalla baitin farko da korus na farko. Jama'a bin bakinsa suke yi. In ya ja gaɓa inda ba a saba ja ba, ko ya yi gaba ya bar su, sai su tsaya su saurare shi. Kuma ya riƙa janye makirufo daga bakinsa in waƙa ta kama, ya bar musu ita.

Sabuwar waƙa kuma kada ta wuce ɗaya a wata. A koyar da ita layi-layi ba tare da kiɗa ba, a yi ta Lahadi uku a jere, a huta ta huɗu, a dawo da ita ta biyar.

Mai Gyaran Sauti:

Gaisuwa gare ku. Malam ya gama da wancan ɓangaren, bari in taɓa na kayan, domin ɗakin da aka kwatanta yana da nasa halin. Kwano ba silin, bango siminti, daɓe siminti: duk abin da lasifika ya fitar sai ya bugi bango ya dawo, ya hau kwano ya sauko. Ƙara ƙarfi a irin wannan ɗaki ba ya ƙara jin kalmomi, amsa-kuwwa yake ƙarawa. Mutum kuma in bai ji muryarsa da ta na kusa da shi ba, ba zai rera ba. Lasifika biyu masu inci 15 sun ishi mutum 150 har da saura.

Gwajin da ba ya buƙatar na'ura: ana cikin yabo, wani ya je benci na tsakiya ya rera da muryarsa ta kullum. In bai ji kansa ba, ku rage. In sai ya ɗaga murya kafin na gefensa ya ji maganarsa, ku ƙara ragewa. Masu wayar zamani za su iya sauke manhajar auna ƙara, ko da yake ba ta cika daidai ba. Ƙa'idar masu kula da lafiyar kunne ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Ke nan 94 awa ɗaya ce, 100 kuwa minti 15. Ku tuna yara ne ke zama a gaba, dab da lasifika. A tsakiyar ɗaki ku nemi wajen 80 zuwa 85.

Amma ba za ku iya ragewa ba sai kun fara da saitin ganga, domin shi ba ya bi ta miksa, shi ne kuma ke tilasta wa kowa ya ƙara nasa. Ku sa matashi ko bargo a cikin babbar gangar ƙafa ya taɓa fatar. Ku manna ɗan ƙyalle a gefen ƙaramar gangar tsakiya. A shimfiɗa darduma ko kafet a ƙarƙashin saitin. Mai bugu ya koma siraran sanduna, ya kuma rage dukan faifan ƙarfe, domin su ne ke cinye baƙaƙen kalmomi. Kada a sa wa ganga makirufo a ɗaki irin wannan.

Wurin ajiye lasifika: su kasance a gaban masu riƙe makirufo, suna fuskantar jama'a, ba a bayansu a jikin bango ba. Ƙugin nan mai huda kunne yana faruwa ne idan makirufo ya ɗauki abin da lasifika ya fitar ya sake mayar masa, abin ya yi ta zagayawa. Ku ɗaga su a kan sanda ko katako, ƙahon, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, ya wuce kan mutum a tsaye, kamar mita biyu da 'yan kai, ku ɗan sunkuyar da su su kalli benci na kashi biyu cikin uku na ɗakin, ba bangon baya ba. In suna ƙasa, na gaba sun kurumce, na baya ba su ji komai sai gurnani.

A miksa, kowane layi haka za a saita shi. A sauke komai. Mai waƙa ya rera da ƙarfin da zai yi a sujada, ba "ɗaya, biyu" a hankali ba. A murɗa maɓallin can sama mai karɓar sauti har fitila ja ta fara ƙiftawa, a dawo baya kaɗan har ta daina. Sannan a ɗaga sandar layin zuwa sifili, a ɗaga babbar sanda a hankali. In akwai maɓallin yanke gurnani, wanda aka rubuta 80 ko 100 a jikinsa, a danna shi a duk layin murya. A rage bes na muryoyi, a bar tsakiya. Amsa-kuwwar miksa kuwa ku kashe ta gaba ɗaya, ɗakinku ya riga ya ba ku fiye da buƙata. Muryar mai jagora ta fi komai fita, kibod a ƙarƙashinta.

Masu waƙa su riƙe makirufo a jikinsa, tazarar yatsu biyu zuwa uku daga baki. Duk wanda ya dunƙule kan da tafin hannu ya toshe ramukan bayan da ke hana shi ɗaukar sautin gefe, ƙugi zai biyo baya.

Game da ƙara lasifika da matasa ke so, a yi hattara. Om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wutar amfilifaya, kuma in ya ragu nauyi a kan amfilifaya ƙaruwa yake yi: biyu masu om 8 a layi ɗaya sun zama om 4, yawancin amfilifaya na ɗaukar wannan. Uku sun sauka zuwa wajen 2.7, huɗu sun zama 2, a nan amfilifaya ke zafi ya ƙone. A duba abin da aka rubuta a bayansa. Kuɗin da za a kashe a nan, gara a sa labule mai kauri a bangon baya, ko a fara tara na silin.

Sauran ƙananan abubuwa masu kashe kaya: amfilifaya shi ne na ƙarshe wajen kunnawa, na farko wajen kashewa. A bar janareta ya daidaita minti biyu kafin a jona, a bi ta sitabilaiza, kuma a kashe kaya kafin mai ya ƙare, domin tangal-tangal ɗin ƙarshe shi ke ƙona su. Wayar makirufo ta zama mai haƙori uku. Mai baki ɗaya irin ta jita in ta wuce mita biyar ko shida tana kwaso ƙara. Bayan sujada a rufe miksa da zane saboda ƙurar hunturu, a riƙa leƙa ramukan iskar amfilifaya, zanzaro na son yin gini a ciki.

Mama Zumunta:

Sannunku 'ya'yana, Ubangiji ya ƙara basira. Duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma ɗana mai tambaya, ko kun gyara ki kun rage ƙara, akwai abin da zai rage. Ka lura da kyau ranar da mata suka fito da tasu waƙar. Wa ke yin shiru? Ba kowa. Tsohuwar da ta zauna lokacin yabo ita ce za ka ga ta miƙe tana amshi. Ka tambayi kanka dalili.

Waƙar mata amshi gare ta. Mai bayarwa ita ke ɗauke da nauyin kalmomi, tana canza layi, jama'a kuwa abu ɗaya suke mayarwa, gajere, kalma biyar zuwa takwas, ba ya canzawa. Wadda ba ta iya karatu ba, da baƙon da ya shigo yau, kafin zagaye na uku sun kama. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Buɗe Zabura 136, aya 26 ce, kowace aya da amshi iri ɗaya a ƙarshenta. Maryamu ma a Fitowa 15 da ta ɗauki ganga mata suka bi ta, amshi ta ba su. Matasa su koyi wannan. Sharaɗinsa ɗaya: mai bayarwa ta gama layinta ta yi shiru, ta bar wa jama'a gurbinsu. In ta hau kan amshin da makirufo tana ƙawata shi, ta ƙwace musu rabonsu.

Sai maganar kibod a waƙar mata. Ina roƙo a bar shi ya huta a nan. Mace ta ɗauki waƙa a inda muryarta take, sai mai kibod ya shiga laluben ki yana taɓa nan yana taɓa can har baiti ya ƙare, ita ta rikice, masu amshi sun rabu biyu. In dole sai ya shiga, ya ba ta sautin tun kafin ta buɗe baki. Kuma kada ya kunna kiɗan nan da na'urar ke bugawa da kanta. Shi yawanci huɗu-huɗu yake tafiya, da yawa daga waƙoƙinmu kuwa shida-shida suke, ƙafa na taka biyu hannu na buga uku. In an haɗa su sai rawa ta karye.

Kayanmu ma da tsarinsu. Kuge ke riƙe lokaci, shi ke fara shiga, kuma a ba wadda hannunta ba ya gudu. Tulu ya biyo da kaurinsa, a ɗora shi a kan gammo don kada ya fashe kuma sautin ya fito, abin bugunsa mai laushi. Caki biyu sun isa, in sun kai biyar ba a jin kalma. Ganga ta zo ƙarshe. Da damina fata takan saki, a fitar da ita rana tun kafin sujada, in babu rana a kusantar da ita wuta daga nesa ana juyawa, kada a manna ta.

Abu na ƙarshe, ka ƙirga waƙoƙin Lahadi huɗu da suka wuce, nawa ne na Turanci? Ikilisiyoyinmu sun tara Berom da Ngas da Bajju da Tangale da Bura da Hausawa da sauransu, Hausa ce ta haɗa mu a ɗaki ɗaya. In an ce sujadar Hausa ce, aka yi waƙa biyar huɗu na Turanci, iyayenku ba fushi suka yi da suka zauna ba, ba su da abin faɗa ne. A sa na Turanci ɗaya saboda yara, a riƙa ba kowane yare zarafi lokacin baiko, sauran a yi da harshen da kowa ke addu'a da shi.

Malamin Littafi:

Mama, Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda nake so in tsaya, wato kalmomin kansu. Bulus ya ce wa Korantiyawa zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da hankali (1 Korantiyawa 14:15). A Kolosiyawa 3:16 kuma waƙa hanya ce ta koyar da juna da yi wa juna gargaɗi. Juna, ba daga dandamali zuwa benci kaɗai ba. Saboda haka bakin da ke rufe a majami'a ba matsalar kiɗa ce kawai ba, wani ɓangare na hidimar ikilisiya ne ya tsaya.

Akwai dalilin da ya sa wasu waƙoƙin da aka fassara suke da wuyar riƙewa ko da ki ɗin ya yi daidai. Karinsu an gina shi ne a kan Turanci, inda ake danna wata gaɓa a sassauta wata. Hausa ba haka take tafiya ba. Gaɓarmu ko mai nauyi ce ko marar nauyi, ga kuma hawa da saukar murya, kuma duka biyun suna canza ma'ana. Ɗauki "ya tashi". In ka ja "ya" da murya a sama, labari ne, Almasihu ya riga ya tashi. In ka gajarta shi ka sauke murya, ya zama fata ko umarni, wato bari ya tashi. A waƙar Ista wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Haka "suna" na sunan Yesu, farkonsa dogo ne, in kari ya gajarta shi ya ja ƙarshen sai kunne ya ji "suna" na suna zuwa. "Ubangiji" kuwa gaɓa huɗu ce, "ban" mai nauyi, "gi" gajeriya. In dogon sauti ya faɗa a kan "gi", kalmar ta karkace a baki.

Tsofaffin waƙoƙin littafi ba na cewa a taɓa su. Tsararraki sun rera su a jana'iza da baftisma da Jibin Ubangiji, sun zauna a zuciya yadda suke, kuma koyarwar da ke cikinsu tana da zurfi. Amma masu fassara sababbi da masu tsara nasu su bi wannan hanya. A rubuta kalmomin tukuna. A karanta su da ƙarfi sau goma kamar ana magana, har a ji inda murya ke hawa da inda take sauka. A sa alama a kan gaɓoɓi masu nauyi. Sannan a nemi karin da zai ba masu nauyi dogon sauti, ya hau inda magana ta hau, ko aƙalla kada ya sauka a wurin. In fassara ce, kada a nace sai gaɓa ta yi daidai da ta asali. Kalmar da Turanci ke faɗa da gaɓa ɗaya, mu ƙauna biyu ce, alheri uku. A ɗauki ma'anar baitin a sake gina shi, ko da layi ɗaya zai zama biyu. Gwajin ƙarshe: a rera wa wanda bai ga rubutun ba, ya maimaita abin da ya ji. In ya kasa, a koma.

Sai abin da waƙoƙin ke faɗa. Kwamiti ya jera na wata uku ya duba. Nawa ne ke magana a kan gicciye da tashin Almasihu? Nawa ne na tuba? Akwai wadda gwauruwa ko wanda aka kora daga gonarsa zai iya rerawa ba tare da ya yi ƙarya ba? Zabura cike take da kuka, ta 88 ma har ta ƙare ba ta fita daga duhu ba, kuma tana cikin littafin waƙar mutanen Allah. In kowace Lahadi nasara da buɗi kaɗai ake rerawa, masu nauyin zuciya za su yi shiru ko an kashe lasifika duka. Fasto ya ba mai kwaya nassin wa'azi tun ranar Talata ko Laraba, don waƙar da ke biye da wa'azi ta zama amsar jama'a ga abin da suka ji.

Mai Kula da Kwaya:

Na gode ƙwarai iyayena, na rubuta duka. Mama, na ƙirga, cikin waƙoƙin yabo 19 na watan jiya 13 na Turanci ne. Saura tambaya ɗaya. Duk wannan gyara a hannun mai kibod da mai ganga yake, su kuwa ba sa zuwa koyon waƙa sosai, suna cewa neman abinci ya hana. Wasu dattawa sun ce hidima ba a biyanta. Yaya za mu yi?

Dattijo:

Ɗana, a wannan ba na tare da masu cewa kada a ba su komai. A Nehemiya 13, da aka daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, kowa gonarsa ya koma, Nehemiya kuwa shugabanni ya tsawata wa, ba mawaƙan ba. A 1 Tarihi 25 mutum 288 ne horarru, an raba su ƙungiya 24, kowace mutum 12, suna karɓa-karɓa. Kenaniya kuma an ba shi jagorar waƙa ne saboda gwaninta. Ke nan horo da juyi da kulawa duk suna cikin tsarin.

Ikilisiya mai mutum 150 ba lalle ta iya albashi ba, kada kuma ta yi alkawarin abin da ba za ta cika ba. Amma kuɗin mota na ranar koyon waƙa, da sanduna, da fatar ganga, da batir, su shiga kasafin shekara a rubuce, kada su fito daga aljihun yaro. A biya ta hannun ma'aji, ba liƙi a goshi lokacin yabo ba, domin liƙi na koya wa mai kiɗa ya bi inda kuɗi ke fitowa.

A tambaye su ranar da ta fi musu sauƙi, a tsayar da ita, awa ɗaya da rabi, a fara kan lokaci a tashi kan lokaci. Minti 10 addu'a da karanta kalmomin waƙoƙin, minti 15 buɗe murya, minti 40 waƙoƙin Lahadi bi da bi tare da shimfiɗarsu da ƙarshensu, minti 25 sabuwar waƙa. Wanda bai zo ba ba zai hau ranar Lahadi ba, amma wannan doka ba ta aiki sai akwai madadi. Saboda haka kowane mai kiɗa a ba shi yara biyu, mace da namiji in ya yiwu, ya riƙa koya musu rabin awa bayan sujada, a bar musu kibod ɗin su taɓa. Cikin wata shida za su iya riƙe waƙa mai sauƙi a C da F da G.

Ka kira su biyun ku zauna kafin ka kai maganar gaban kwamiti, ka nuna musu jerin ki ɗin ku cika shi tare, don kada su ji an yanke hukunci a bayansu. Lahadi mai zuwa kuma ku gwada abu ɗaya: a waƙar littafi ta farko, baiti na uku, kibod da ganga su tsaya cik, mai jagora ya sauke makirufo, sai a baiti na huɗu su dawo a hankali. Ka sanar da su tun ranar koyon waƙa, ka kuma gaya wa mai janareta, kada ya zaci wani abu ne ya lalace ya ruga waje.